Jan Ƙwan da Ya Wanke Ƙanena

Kafin kowa ya buɗe rumfarsa a layin makanikai, Baba mai wayarin, mai gyaran wayoyin wutar mota, ya riga ya share tasa. Sai ya jera filaya da sukuddireba a kan benci, ya goge tabarau da gefen riga, ya jawo gwangwanin madararsa mai cike da ƙwayayen fitila na tsofaffin motoci. Makanikai suna tsokanarsa wai gadon da zai bar wa 'ya'yansa ke nan. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki. Ƙarshen watan nan zai ajiye, ido ya gaza, ni kuwa na ce ba zan yi shiru ba.

Ƙanena direba ne, yana jan motar ɗaukar marasa lafiya ta wani ƙaramin asibiti. Bara aka sa wa injinta sabuwar ƙwaƙwalwa ta kwamfuta, aka cire tsohon allon gaban direba aka sa na zamani. Cikin wata guda batir uku suka mutu, ɗaya ma da mai naƙuda a cikin motar. Masu aikin suka duba, suka ce inji lafiya lau. Altaneta, wadda ke yi wa batir caji, an kwance ta an gwada, tana ba da wuta. Sai zargi ya faɗo kan ƙanena, wai yana sayar da batir mai kyau ya sa matacce. Aka ba shi mako guda ya bar aiki.

Muka ja motar sai gun Baba. Bai taɓa komai ba, ya ce, "Ɗana, murɗa makulli, kar ka tayar." Ya leƙa allon. "Ina jan ƙwan batir?"

Ƙanena ya ce, "Sun cire shi, Baba. Wai kayan da ne."

"Kayan da? Ai ta cikinsa 'yar wutar da ke tashin altaneta take bi. Sun bar altanetar tana juyi a banza."

Ya bi wayoyi da yatsa har ya zaro wata siririya da aka yanke aka naɗe. Ya zaɓi ƙwai a gwangwanin nan da ake yi wa dariya, ya jona, ko waya ɗaya ta sabuwar ƙwaƙwalwar bai taɓa ba. Aka tayar. Ƙwai ya kawo ja, ya ɗauke, mitar da Baba ke awon wuta da ita ta haura goma sha huɗu, alamar caji ya dawo.

Ni da na zata an gama. Ina! Baba ya rufe rumfa da tsakar rana, ya ce sai ya ga shugaban asibitin. A gabansa ya cire ƙwan, ya tada mota, babu caji; ya mayar, caji ya dawo. Shugaban ya ba ƙanena haƙuri a gaban ma'aikata.

Baba, kai ne mai tambayar abin da aka cire kafin ka yaba abin da aka sa. Kai ne ka ga mota ta warke amma ka ƙi komawa benci sai da sunan mutum ya wanku. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idon nan haske.

Ku masu kwamfuta, iliminku na da kyau, amma ku je ku zauna kusa da Baba kafin wata ya ƙare.

Ƙanena yana nan kan aikinsa. Kullum da safe in ya murɗa makulli, ba ya sa giya sai ya ga jan ƙwan nan ya kawo, ya ɗauke.