Akwatin Garba da Burtsatsen Kusfa

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena, Injiniya Garba. Lokacin da yake raye, gidajen unguwarmu a Kusfa ba sa jiran 'yan garuwa, burtsatsen masallaci na ba da ruwa safe da yamma. Yau tankin ya bushe, tantabaru ke hutawa a kansa.

Garba malamin jami'a ne. Fanninsa shi ne yadda ake riƙe na'ura ta tsaya daidai alhali abubuwan da ba a iya hangowa suna ta girgiza ta. Na taɓa tambayarsa me yake ta lissafawa haka. Ya ce, "Yaya, ka taɓa tuƙa keke da buhu a baya cikin lungu mai ramuka? In ka ɗan karkata, ɗan gyara ya isa. In ka wuce wata gaɓa, tsakuwa ma sai ta kayar da kai. Gaɓar nake nema."

Wutar lantarkinmu ita ce lungun. Ta hau, ta sauka, ta ƙona injin burtsatse. Sai ya haɗa wani akwati mai lura da ita. Ƙaramar rawarta ba ya kulawa. In ta doshi haɗari ya kashe injin, in ta dawo kuma ba ya kunnawa sai ta natsu. Na ga irinsa a Jamus, inda wuta ba ta ko ƙiftawa, na gani a Masar. Mu da muka fi su buƙatarsa, mu muka raina shi.

Jiran nan ne ya dami mutane. A nan da an kawo wuta kowa rugawa yake ya kunna komai kafin a ɗauke. Bayan rasuwarsa, ina Sudan, kwamitin masallaci ya cire akwatin, aka haɗa injin kai tsaye. Da na dawo, shugabansu Alhaji Sani ya ce mini, "Malam, unguwa duk haske, akwatin ɗan'uwanka na gyangyaɗi!" Sauri ya haifi nawa. Damina ba ta ƙare ba injin ya ƙone. Aka sayo wani, shi ma ya bi sahu.

Da Garba zai dawo yau, ba na jin zai yi wa kowa faɗa. Akwatin zai tambaya, mu ce masa 'yan gwangwan sun tafi da shi.

Ɗalibansa suna can suna aiki da iliminsa a wasu garuruwa, Allah ya kai ladan kabarinsa. A unguwar da aka haife shi kuwa, burtsatsen bai sake ba da ruwa ba. Matarsa ma garuwa take saye.