Milimita Talatin na Gonar Baba

Shekarar da ciwon ƙirji ya kwantar da Baba, bayan babban yaƙin Turawa, ina ɗinki a wata rumfa a unguwar Jarwal, nan ƙasa mai tsarki. Duk gidanmu ni kaɗai na yi firamare, don haka ni ya kira.

Ya ciro wata takarda daga laya. Zanen gonarsa ce ta Damagaram, wadda wani Bafaranshe ya yi tun kafin su Baba su taso ta Cadi da Sudan. Gonar tana iyaka da ta wata gwauruwa. Baba ya yi noma daga rijiya har gindin gawo, ita kuwa ta ce ya shigo mata. Ranar da zai taho ta tsaya a bakin hanya ta ce Allah ya isa. Ta rasu tuni, ba ta bar kowa ba.

"Na auna da igiyar guga," in ji shi. "Kamu ɗari huɗu na noma. Duba mini, takardar nawa ta ba ni? Ba na so a kai ni maƙabartar Ma'ala da ƙasar wata a wuyana."

Na ɗora tef ɗin ɗinkina. Faɗin gonar milimita talatin. Na sake aunawa sau bakwai, har na aro tef ɗin maƙwabcina don kada nawa ya miƙe. A ƙasan zanen an rubuta cewa kowace milimita ɗaya "perche" ɗaya ce. Ba a koya mana wannan a makaranta ba.

Akwai wani tsoho Bamagaribe da ke rubuta wa alhazai wasiƙa kusa da Harami, ya taɓa yi wa Faransawa aiki. Ya karanta, ya yi dariya.

"Ya hayyaɗ, mai ɗinki, Baturenku ɗan ƙauye ne. Wannan sandar awon kakanninsa ce, su kansu sun daina amfani da ita."

"Tsawonta nawa, ya ammi, baffana?"

"Wacce? Akwai mai ƙafa sha takwas, akwai mai ƙafa ashirin da biyu."

"Shi wacce ya nufa?"

"Je ka tono shi ka tambaya."

Ya rubuta mini tsawon kowacce da mita. Na koma rumfa na yi lissafi da alli a bayan ƙofa, ina mayar da mita kamu. Da gajerar sanda, gonar kamu ɗari uku da hamsin ce, Baba ya ci hamsin na gwauruwa. Da doguwar, ta haura ɗari huɗu da ashirin, bai taɓa mata ko taki ba. Kwana uku ina gogewa ina sakewa. Na lalata wa wani mutum doguwar rigarsa ta tobe, na yanke hannu ɗaya gajere.

Inna ta tare ni a soro. Na faɗa mata duka.

"To ka ba shi doguwar mana," ta ce. "Wa zai sani?"

"Inna, in kuma gajerar ce fa? Na hana shi tuba ke nan."

"Tubar da yake yi shekara ashirin? Mutum yana fama da numfashi, kai kana fama da alli."

Na shiga da niyyar bin maganarta. Bayan la'asar ne, ɗakin da zafi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Nawa?" Sai bakina ya ƙi. Na ba shi lissafi biyun, na yi masa bayanin sanduna, har da ƙafa sha takwas da ashirin da biyu.

Da na gama, ya dube ni.

"Wato ba ka sani ba."

"Ban sani ba, Baba."

Ya saki hannuna ya juya ga bango. Ya ƙara kwana biyar, bai sake tambaya ba, amma ina jin yana ambaton matar cikin istigfari. Inna ba ta taɓa tada zancen ba har ta bi shi. Na yi wa gwauruwar ɗawafi da yawa. Takardar tana nan cikin akwatin keken ɗinkina, kuma wani lokaci nakan ɗora mata tef.