Karan Ɗorin Da Na Datse

A kan kabu-kabu na karya hannuna na dama, kuma ba laifin mai babur ba ne. Ina faɗin wannan tun farko domin har yau akwai masu zaginsa a unguwarmu, alhali bawan Allah tuƙinsa yake yi cikin natsuwa. Ni ne na zauna a bayansa hannu biyu a kan waya ina rubutu, ban riƙe komai ba. Muna dab da shiga Jega tunkiya ta faɗo titi, ya taka birki, ni kuwa na tafi. Ina cikin iska na ɗaga wayar sama da hagu kada ta fashe, na tari ƙasa da dama. Sai na ji ƙas! Wayar ko ƙwarzane ba ta yi ba.

A Sabon Garin Jega nake zaune, a Maiyama nake aiki, a wani ofishi inda ni kaɗai na iya buga takarda da sauri, saboda haka duk wani rahoto da wasiƙa a teburina suke kwana. Ban da wannan, ina rubuta wa wata jaridar intanet labari ɗaya duk mako a kan mutanen yankinmu: manoman albasa, mahauta, masu lodin kaya ranar kasuwa. Ni ba ma'aikacinsu ba ne. In na aika su ɗauka, in ban aika ba akwai masu jiran gurbin. Editan ban taɓa ganin fuskarsa ba, muryarsa kawai na sani, sai saƙonsa da ba ya canzawa: "Malam, ina aikin?" Lokacin rubutun kuwa babu shi. Da safe ofis, da yamma gida da yara, ga gaisuwar rasuwa, ga suna, ga ɗaurin aure. Shi ya sa na mayar da bayan babur teburina, zuwa da dawowa.

Da can ina da abin da nake yi don jin daɗin raina. Ɗinkin hula ne, a wurin mahaifina na koya. Bayan la'asar in zauna gindin dogon yaron ƙofar gida da allura da zare, ana hira ina sa baki, hannuna na aikinsa shi kaɗai. Ba na sayarwa, kyauta nake bayarwa. Amma a shekarar da nake ba ku labari, hular da na fara ta daɗe a cikin leda a saman kwaba, allurar na soke a jikinta har ta yi tsatsa. Kullum ina cewa in na sami sarari. Sarari kuma bai san gidanmu ba.

Yayana ne ya kai ni Aliero wurin ɗori, don a nan yankin in ƙashi ya karye can ake fara nufa. Mai ɗorin tsoho ne siriri, idanunsa sun fara yin fari-fari, amma yatsunsa sun fi idon gani. Ya lallatsa wuyan hannun, ya yi addu'a ya tofa, ya ce wa yayana ya riƙe ni. Da ya ja, wallahi na kira Innata da ta rasu tun ina sakandare. Ya shafa mai, ya jera karare kewaye da hannun tun daga kusa da gwiwa har kan yatsu, ya naɗe tam da ƙyalle.

"Ɗana, mi kaka yi da hannun ga?" in ji shi.

"Rubutu nake yi, Baba."

"To rubutu ya ƙare sai bayan kwana arba'in. Kak ka motsa ko yatsa guda. Duk kwana bakwai ka taho in duba. Ka jiya?"

Na ce na ji. A hanyar dawowa har wani daɗi ne ya kama ni duk da raɗaɗin. Na ce a raina, to, ga hutu Allah ya kawo da ƙarfi. Kwana arba'in ba ofis, ba edita, sai kwanciya a tabarma da shan kunu.

Kwana uku hutun ya yi. Rana ta huɗu sai ga shugaban ofishinmu ya zo dubiya, da ledar lemo a hannu ɗaya, da jaka a ɗayan. Ya yi mini sannu har da girgiza kai. Da zai tashi ya ajiye jakar kusa da matashina.

"Tunda kana zaune gida, ga kwamfutar nan ta ɗebe maka kewa. Rahoton ƙarshen wata ne kawai, a hankali, ba gaggawa. Ran Litinin zan aiko a karɓa."

Ka ji fa. Ba gaggawa, ran Litinin. Na buɗe baki in ce, Yallaɓai, hannun ne fa ya karye, sai na ji kaina na cewa, "To, Yallaɓai, in sha Allahu." Wannan "to" ɗin ita ce cutata tun ina yaro. Ban san yadda ake cewa a'a ga wanda ya cire takalmi ya shigo ɗakina ba.

Tun a daren da ya gabaci ranar kuma edita ya riga ya kira. Ya jajanta sosai, ya ce in huta. Sannan ya ce labarin manoman Gumbin Kure da na yi alkawari sun riga sun ware masa wuri, amma in ba zan iya ba, kada in damu, akwai wani a Birnin Kebbi da ya daɗe yana neman shafin. Kada in damu! Shekara biyu ina gina shafin nan, a kan babur, a cikin rana, a cikin ruwan sama. Nan take na ce zan aiko.

Na gwada da hagu. Kai, hannun hagu baƙo ne a jikin mutum. In nufi harafi in taɓa maƙwabcinsa, in goge, in sake. Daga hantsi har azahar sakin layi biyu na yi, kuma ba daɗi, don tunanin yana gudu hannun na rarrafe, kafin in kai ƙarshen jimla na manta yadda na so in rufe ta. Haushi ya cika ni. Na dubi hannun dama a rataye a wuyana, ga kan yatsun nan suna leƙowa lafiya lau. Na ce, ai wuyan hannu ne ya karye, me ya shafi yatsu? Tsohon nan ya san ƙashi, amma bai san wa'adi ba.

Matata ta shiga maƙwabta barka, yara suna makaranta. Na je madafa na ɗauko wuƙarta, na ɗora hannun a kan turmi, na zame bakin ƙyallen, na datse kara biyu, wanda ya tokare babban yatsa da na kusa da shi. Kamar tsawon yatsa na rage wa kowanne. Na mayar da ƙyallen na ɗaure da haƙori. Da na taɓa madannin kwamfuta sai na ji zafi ya harba har kafaɗa, amma harufan suka zubo kamar da. Na cije leɓe na ci gaba. Kafin la'asar na gama labarin Gumbin Kure, na aika, edita ya turo mini yabo. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai.

Da yamma matata tana shara ta tsinci guntayen a gindin turmi. Ta shigo da su a tafin hannunta.

"Malam, wanga fa?"

Na yi kamar ban ji ba.

"Kai ka datse su? Da wuƙata ta yankan kuɓewa?"

"Ke, hannunki ne ko nawa?"

"Naka ne," ta ce. "Sai dai tun ran da ya karye ni nake sa maka riga, ni nake zuba maka ruwan alwala. Ka kawo in riƙa buga maka, kana faɗa."

Na yi mata dariya, dariyar raini, na ce rubutu ba jerin kayan cefane ba ne. Har yau in na tuna dariyar nan kunya ke kama ni. Ta zubar da guntayen a gabana ta fita, kuma ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Kwana bakwai suka cika ban je Aliero ba. Na gaya wa yayana hannun da sauƙi, ba sai mun sha hanya ba. Gaskiyar ita ce tsoron tsohon nake ji, na san yana warware ƙyallen zai gani. Ga shi bayan rahoton ƙarshen wata an aiko da wasiƙu uku, bayan wasiƙun an aiko da jawabin da Yallaɓai zai karanta a wani taro, tunda an ga aiki na fita. Edita shi ma ya daina cewa in huta. Hannun ya kumbura ya saɓe, ya sake kumbura. Ina haɗiyar maganin ciwo ina bugawa. Duk Juma'a in ce mako mai zuwa zan je, in gyara komai.

Sai a mako na huɗu yayana ya gaji, ya zo da mota ya ce in shiga ko ya ɗauke ni cak. Tsohon ya warware ƙyallen a hankali. Ya ɗauki gajerun kararen nan biyu ya jera su da sauran a kan buzunsa, ya daɗe yana dubansu. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya bi wuyan hannun da yatsa sau biyu.

"Ya kama," in ji shi. "Amma a karkace ya kama. Ba haka na ɗora shi ba."

Yayana ya ce, "Baba, to yanzu yaya ke nan?"

"Sai a sake karyawa a ɗora. Yau ɗin ga, tun yana ɗanye. Kuma wani arba'in ne daga farko, nan gidana zai zauna inda nika ganinai."

Ba zafin karyawar na fara tunawa ba, Allah shi ne shaidata. Jawabin Yallaɓai na tuna, wanda ban gama ba, taron kuma jibi ne. Na tuna labarin mahauta da na riga na yi hira da mutum huɗu a kansa. Arba'in a Aliero, ba kwamfuta, ba shafi. Wancan na Birnin Kebbi na nan yana jira.

"Baba," na ce, "ka ba ni mako guda in kammala abin da ke hannuna, in dawo."

Yayana ya juyo ya dube ni kamar ya mare ni. "Kai wane irin mutum ne? Hannunka ake magana!"

Tsohon ya ɗaga masa hannu. "Bar shi. Ba a ɗora wa mutum dole." Sannan ya ce da ni, "Ɗana, ƙashi ba ya jira. Kullum ƙara tauri yakai."

Na dawo gida na gama jawabin. Na gama na mahauta. Makon ya ƙare aka ce masu binciken takardu za su zo ofis, dole in koma ko da rana ɗaya, rana ɗaya ta zama kullum. Edita ya ji labarin ɗorin sai ya ce, ai ga labari a hannu, in rubuta musu a kan masu ɗorin Aliero tunda na ɗanɗana. Na rubuta, na yabi tsohon yadda ya cancanta, ban ambaci wuƙar kuɓewa ba. Sai da wata biyu suka wuce na koma wurinsa, ni kaɗai, ba tare da na gaya wa kowa ba. Ya taɓa hannun sau ɗaya ya sake shi. Ya ce wannan ya wuce wurinsa, sai dai asibiti su yanka su sa ƙarfe, kuma ko su ba lallai su mayar da shi yadda yake ba. Ya yi mini addu'a. Takardar neman hutun zuwa asibitin na buga ta da kaina, tana nan a aljihun tebur, ban miƙa ba, don kullum akwai abin da ya kamata in gama tukuna.

Hannun yana buga kwamfuta, wannan kam ba abin da ya same shi. Abin da ya ƙi shi ne babban yatsa ya haɗu da sauran. Ban san girman wannan ba sai ranar da na koma ciyayya. A layinmu bayan magariba magidanta kan fito da kwanukansu a shimfiɗa tabarma a ci tare, kuma tun da na karye ban fita cikinsu ba, a ɗaka nake ci. Ran nan na wanke hannu na zauna. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka. Na gutsuro, na zo in dunƙula loma, yatsan ya ƙi zuwa. Tuwon ya suɓuce ya faɗa cikin miyar da kowa ke ci. Na sake, ya sake faɗawa, miya ta fallatsa wa maƙwabcina a riga. Yayana ya kawar da kai yana duban titi. Da hagu ba a ci, ballantana a kwanon jama'a. Na ce na ƙoshi, na tashi.

Washegari da aka fito da kwanon gidana, sai na ga cokali a kan murfin, matata ta naɗe shi da ƙyalle don kada a gani. Kowa ya gani. Na warware, na soke shi tsakanin yatsu biyun da ke kamawa, na ci tuwona a tsakiyar magidanta masu ci da hannu. Ba wanda ya yi mini ba'a, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi.