Furfurar da Na Rina da Hannuna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Wanda ya halicci launuka, ya ba ƙuruciya baƙi, ya ba tsufa fari. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ni ɗan marina ne. Kakana ya zo Garwa da fatauci daga Kano, ya haƙa rijiyoyin baba, mahaifina ya gaje su. Ni karatu aka kai ni, amma ban bar gindin rijiyoyin ba sai da idona ya san launi.

Autar 'ya'yana tana aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Jambutu. A shekarar da ta biyo bayan rasuwar mahaifiyarta, aka ɗora mata koya wa mata da yara tafasa ruwa da rufe randa kafin damina ta faɗi. An so ta yi haka da 'yar tsana irin wadda ake zura hannu a ciki a motsa bakinta, wadda suke kira mariyonet. Mako guda aka ba ta, in ba ta kawo ba ranar Asabar a miƙa aikin ga wata. Ta durƙusa a gabana ta nemi hukuncin abin. Na duba abin da na karanta: siffar da ba ta cika ba, marar ciki marar ƙafa, wadda aka yi domin koyar da yara, malamai sun sassauta a kanta. Na ce ta yi.

Siffar tsohuwa ta so ta ɗinka, domin mata sun fi jin maganar tsohuwa. Ta sayo wata kwat ta gwanjo, fara fat, mai dogon gashi, za ta yanka ta yi gashin kai. Na ji tsoron kada fatar mushe ce, na kira maƙwabcina mahauci. Ya shafa, ya shinshina, ya tsigi kaɗan ya kyasta masa ashana. Gashin bai yi ƙauri ba, narkewa ya yi ya dunƙule.

Ya ce, "Modibbo, kwantar da hankalinka. Wannan dabbar ba a yanka ta ba, ba ta mutu ba, ba a ma haife ta ba. Tun ina saurayi nake fiɗa, ban taɓa feɗe roba ba."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Farin ya yi yawa, furfura ake bukata. Na tsoma gashin a baba, ya fito da duhu, na ɗauraye, ya koma fari kamar ban taɓa shi ba. Na kwaɓa lalle na shafe shi, ya wuni, ruwa ya tafi da lallen. A nan na tuna cewa duk abin da mahaifina ya rina, auduga ko fata, abu ne da ya taɓa rayuwa. Wannan kuwa ba ya shan komai.

Ɗiyata ta ce sai dai fenti, a sirka shi da ruwa, a shafa da tsohon buroshin haƙori, a riƙa tajewa yana bushewa don kada ya cure. Na ga hannunta yana da nauyi, na karɓi buroshin. Na haɗa toka-toka, na ɗiga tawadata kaɗan, na bi gindin gashin. Da na gama sai idona ya ce da saura. Na haɗa ja mai duhu na shafa a bakin gashin, daga gaba kawai. Ban tambayi kaina dalili ba.

Ranar Laraba bayan azahar, rana tana tsakiyar zafinta, unguwa ta yi tsit, ina zaune a inuwar dalbejiya. Ɗiyata ta shanya zane a igiya ta ɓuya a bayansa, ta ce in duba. Tsohuwar da ta ɗinka ta ɗago kai a hankali ta saman zanen, kallabinta ya zame baya, ta juya wajen randar tsakar gida, ta juyo gare ni.

"Wa ya bar randar nan a buɗe?"

Na ce, "Ba ni ba ne." Sai da maganar ta fita na ji abin da na yi.

Marigayiya matata takan shafa lalle a gashinta na gaba, ta bar shi ya tofo, gindin ya yi toka-toka, bakin ya yi ja. Shi ne a gabana, ba daɗi ba ragi. Tambayar kuma tata ce, amsar tawa ce, mun yi shekara arba'in muna yin su.

Ɗiyata ta fito daga bayan zanen. Ta ce, "Baba, ban kwaikwayi kowa ba. Muryar tsohuwa na nema, wannan ta fito."

Na san matattu ba sa dawowa, na kuma san roba ce da fenti. Amma gashin nan babu namijin da ya taɓa ganinsa sai ni da 'ya'yan cikinta, ga shi za a ɗaga shi a bainar jama'a, kuma hannuna ne ya fito da shi. Na ce a ƙone ta.

Ta sunkuyar da kai. "Asabar ce fa, Baba. Kai ka ce in yi."

Gaskiyarta. Hukuncin bai sauya ba, ni ne na sauya, kuma ba a warware fatawa domin zuciyar mai fatawa ta karaya. Ranar Alhamis na haɗa baƙin fenti na rufe gashin duka, domin tsohuwar ta zama ba kowa ba. Ranar Juma'a da hantsi na sa mataji. Baƙin ya riƙa zubowa a kan tabarma kamar garin gawayi, jan yana fitowa. Ɗiyata ta ce fenti ne bai zauna a kan fenti ba. Na yarda da ita, amma na ajiye matajin.

Da na dawo daga masallaci na ɗauki kallabin da kaina, na jawo shi har goshi, na ɗaura kamar yadda marigayiyar takan ɗaura idan ta ji sallamar baƙo. Na ce wa ɗiyata ta bi shi da allura, kada sili ɗaya ya leƙo. Ta ce, "To aikin kwana biyar fa?" Na ce yana nan, an dai suturta shi. Na ƙara da cewa 'yar tsanar ta zauna a asibiti, kada ta dawo gidan nan.

Ta tafi da ita ranar Asabar, aikin ya zauna a hannunta. An gaya mini mata suna jin maganar tsohuwar. Ban je na gani ba, ba kuma zan je ba. Randa dai ban ƙara barinta a buɗe ba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya suturta su kamar yadda suka suturta kansu. Ya sanya albarka ga mai karanta wannan da iyalinsa, ya tsare musu ruwan shansu da zukatansu. Amin.