Yadda Hulata Ta Rufe Idon Kyamara

Assalamu alaikum jama'a. Wata huɗu ban ce uffan a shafin nan ba, har wani ya aiko yana tambayar ko an yi sadakar bakwai. Ina nan da raina, Malam, shayi ma nake sha yanzu, sai dai babu sukari.

Abin ya fara da ƙishirwa. In sha ruwa kofi uku, in tashi kamar ban sha ba. Hanyar banɗaki kuwa na fi kowa saninta a Goron Dutse.

Aka je asibiti, aka huda yatsa, aka ɗebi jini. Likita ta duba takarda ta dube ni ta ce, "Baba, ciwon sukari ne." Na ce ai ni ba na shan zaƙi. Ta ce in buɗe aljihu. Dabino ne a ciki da alewar madara.

Tun da uwargidana ta rasu ni kaɗai ne a gidan. 'Yata Hadiza tana aure a Kaduna. Ta bugo waya ta ce zaɓi biyu ne: ko in tattara in koma wajenta, ko a saka kyamara a ɗakina, irin mai jin motsi ta aika saƙo wayarta.

Ni in bar gidan da aka binne cibiyata in je in zauna gidan suruki? Na ce a kawo kyamara.

Sai ga Malam Sanusi mai aikin lantarki da tsaninsa. Nan aka fara rigimar inda za a kafa ta.

Ya ce saitin gado. Na ce wallahi ba mai kallona da singileti daga Kaduna.

Ya juya ta wajen taga, rana ta haske ta, ba a ganin komai sai fari fat. Ya mayar saitin ƙofa, fanka na kaɗa labule, duk kaɗawa ɗaya saƙo ɗaya. Hadiza ta bugo ta ce, "Baba, rawa kake yi ne a ɗakin?"

Ga bangon ginin ƙasa ne tun na kakanni. Duk inda ya buga ƙusa sai ƙasa ta zubo masa a ido. Wuri ɗaya ne ya riƙe, wani guntun azara a gefen ƙofa, inda tsohuwar ƙusar rataye hulata take. Ya zare ƙusar, ya ɗaura kyamarar a gurbinta, ya tafi.

To, shekara talatin hannuna ya saba. Ina dawowa daga masallaci na cire hula na maƙala a inda na saba, ko dubawa ban yi ba.

Waya ta yi ƙara. "Baba, me nake gani haka? Duhu ne sai wani rubutu." Sunana ne da mai wankin hula ya rubuta a ciki.

Ta yi faɗa, na ba da haƙuri, gobe na sake. Gaskiya daga baya da gangan nake yi. Har ta gaji ta daina magana, ta san ba za ta ga fuskata ba sai lokacin salla in na zo ɗaukar hula.

Ranar wata Talata na sha magani da rana, na ce abinci sai anjima, na kishingiɗa. Sai gumi, sai rawar jiki. Ina jin kiran sallar La'asar, ina son tashi, hannu ya ƙi ɗaguwa. Wayata tana ta ruri a kan tabarma, taku biyu tsakaninmu, na kasa.

Na ji tsoro, jama'a. Tsoro na gaske. Na ce ashe haka zan tafi, ba mai laƙana mini kalmar shahada.

Can Kaduna kuwa Hadiza ta ga an idar da La'asar hula ba ta motsa ba. Ta san ko gobara ake ba na fita kai ba hula. Ta kira maƙwabcina Alhaji Bala, marini ne a Ƙofar Mata, dawowarsa ke nan daga aiki.

Ina buɗe ido na ga hannuwa biyu shuɗi shar a kan fuskata. Na ce shi ke nan, an zo ɗauka. Ashe zuma yake shafa mini a dasashi yana cewa, "Kai Malam, kar ka yi mana haka!"

Kwana uku na yi a gadon asibiti, ƙarin ruwa a hannu, hudar yatsa safe da yamma. Likita ta ce sukarin ne ya yi ƙasa, don na sha magani ciki ba komai.

Da aka sallamo ni gida, Hadiza ta iso da akwati, wai in zuba kayana in bi ta. Malam Sanusi ya zo zai mayar da kyamara can sama inda hannuna ba ya kai. Ta daɗe tana kallon hular, sai ta ce, "Bar ta nan." Ta juyo gare ni, ido ya yi ja. "Baba, ka zauna a gidanka. Amma ranar da hular nan ta sake wuce salla, mota zan turo, kuma ba zan nemi shawararka ba."

Alhamdu lillahi. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da Alhaji Bala. Hadiza, Allah ya yi miki albarka.

Masu irin ciwona, kar ku sha magani ku ƙi cin abinci, kuma ku ajiye waya inda hannu zai kai. Masu saka wa iyaye kyamara, ku bar taga da fanka, sannan ku fara lura da abin da tsohon ba ya fashin yi kullum.

Yanzu in na zare hula ba na saurin fita. Nakan ɗan tsaya a gaban kyamarar, don yarinyar nan ta ga ubanta a tsaye.