Takardar da Na Ɓoye Cikin Hula

Gaisuwa gare ka Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Ku yi haƙuri da rubutuna, bokona bai wuce aji ukku ba, ukkun ma rabinsu a bisa katangar makaranta na yi su. Lokacin da abin ga ya faru ina da shekara hamsin da 'yan kai, ina faci a bakin tasha a Tambuwal. Furfura ta cika mani gemu amma hankali bai biyo ta ba. Kowa ya san ni da tsokana. Ni ne mai ɗaure rawanin mai gyangyaɗi a jikin benci, ni ne mai ce wa direba tayarshi ta sace alhali lafiyarta lau, sai ya sauko yana salati in kwashe da dariya. In mutane sunka yi dariya sai in ji awa an naɗa ni sarauta.

Maƙwabcina yana da ɗa, saurayi natsattse, yana karatun aikin jarida a wata babbar makaranta a Sakkwato. Baba yake ce mani tun yana rarrafe. Malamansu sunka ce ba mai ƙare karatu sai kowace ƙungiya ta shirya ɗan gajeren fim, shi anka sa shugaban ƙungiyarsu, su biyar, maza fuɗu da mace guda mai riƙe sandar ɗaukar magana. Labarinsu na ɓarayin shanu ne, nan Tambuwal sunka zo ɗauka. Sun sha wuya ƙwarai. Kyamarar aro ce daga makaranta, kwana bakwai anka ba su. Batir ya mutu su kai shi shagon caji, su dawo hadari ya rufe rana. Wanda zai fito a matsayin mai gari ya gudu ranar farko don uwarshi ta ce ba ta haifi ɗan wasan kwaikwayo ba. In sun fara ɗauka akuya ta yi kuka, ko mai rake ya shigo tsakiya yana ɗaga hannu a gan shi. Ni ko kullum ina bayansu ina ba da shawarar da ba wanda ya tambaya.

Saura kwana biyu, babban wurin bai samu ba, wato inda ɓarayi za su kora garke. Suna son ƙauye mai shanu da fili. Na bugi ƙirji na ce ƙauyenmu na can ƙasar Kebbe, can anka yanke mani cibiya, ba wanda ban sani ba. Yaron ya ji daɗi. Ya fiddo takarda mai hatimin makaranta ya ba ni hannu biyu, ya ce in riga su da kwana guda in kai wa mai gari, a yi shela kowa ya ji, don ya san yadda zukatan mutane suke a wannan yanki saboda ɓarnar ɓarayi. Ya maimaita har sau ukku, Baba don Allah a yi shela. Na ce mashi shi da ya zo duniya jiya ba shi koya mani yadda ake shiga gaban manya. Na ninke takarda na sa cikin hula, na hau kabu-kabu.

Da na isa, tun ban kai ƙofar mai gari ba na iske taubashina, ɗan kawuna, zaune gindin ɗorawa matasa sun kewaye shi. Tun muna yara muke wasa, ni in ce mashi bawana, shi ya ce mani mai hura iskan birni. Ashe shi anka ba shugabancin masu tsaron gari. Yana ta cika baki, wai ya sha tauri, ƙarfe ba ya kama shi, wai ranar da ɓarayi sunka kuskura sunka zo shi kaɗai ya ishe su. Na ce ai na san shi, kare ya taɓa kora shi har ya bar wando a ƙaya. Matasa sunka fashe da dariya, ya ce in jira in gani. Nan Shaiɗan ya zauna mani a kafaɗa. Na ce a raina gobe sai na ga gudun wannan tsoho, in samu abin tsokanarshi har kabari. Na wuce ruga na gaya wa Bafulatanin da za a ari shanunshi, shi kaɗai. Takarda ba ta fita hula ba. Da yaron ya kira ni a waya na ce mashi an gama, mai gari ma yana gaishe shi.

Washegari da hantsi sunka iso, ƙafafunsu duk laka don hanyar ta ci ruwa. Anka kafa kyamara bayan wata geza a bakin fadama. Ukku daga cikinsu sunka naɗe fuska da rawani, sunka rataya bindigogin icce da anka shafa wa baƙin mai, sunka hau mashin biyu. Wallahi ni da na ga ana sassaƙa iccen sai da gabana ya faɗi. Na laɓe bayan wata kuka inda nika hangen hanyar gari, ina danne dariya da bakin riga. Yaron ya ɗaga hannu, mashina sunka taso da ƙara, shanu sunka watse. Wasu mata masu cirar ganye a fadama sunka hango, sunka zubar da ƙorai sunka sa kururuwa.

Ni ban san kururuwa ta canza ba tun barina ƙauye. A da in an yi ta, a fito a tambaya lafiya. Yanzu mutanen da sunka binne 'yan uwansu ba su tambaya. Usur ya tashi, wani ya amsa daga gari na gaba. Kafin in haɗiye yawu na ga mutane tafe ta cikin gero, da gora da adda da barandami, taubashina a gaba. Bai gudu ba. Bindigar toka ta tashi, na ga na bayan mashin ya faɗo yana riƙe da cinya. Sunka auka masu. Ina jin ƙarar gora a jikin mutum awa ana sussukar dawa. Guda yana ihu yana cewa icce ne, ku duba icce ne, wani ya cika mashi baki da ƙotar fartanya. Anka kwantar da mashin guda anka buɗe tanki anka ƙyasta mashi ashana, wasu suna cewa a jawo su a jefa ciki.

Ɗan maƙwabcina ya fito daga bayan geza da gudu, hannuwa sama, yana cewa ɗalibai ne, mai gari ya sani, an yi shela. Jin ya ce an yi shela ya ƙara tunzura su, don sun san ba a yi ba. Ya juyo yana nemana da ido yana kiran Baba, Baba fito ka gaya masu. Ni ko na ƙara laɓewa bayan kukar, kuma ba ni ɓoye maku, wandona ya jiƙe. Taubashina ya kai mashi sara a kai, yaron ya tare da hannun dama. Na ga hannun ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa, jini ya wanke mashi riga. Yarinyar nan ta jefar da sandarta ta faɗa bisanshi tana kuka, ita ma anka zuba mata gora a baya.

Sai lokacin na fito, na ciro takarda ina kaɗa ta sama ina ihu. Wa zai tsaya karatu? Wani matashi da bai san ni ba ya ɗauke ni da gora a baki, haƙorana fuɗu sunka zube a ƙasa. Ina kwance ina kiran taubashina da sunan da nika tsokanarshi, da shi ya gane ni. Ya tsaya da adda a sama. Ya daka tsawa, ya tsaya tsakanin mutane da yaran, Bafulatanin ma ya iso yana rantsuwa da saninshi anka taɓa shanun. Mai gari ya zo, wani malamin firamare ya ɗauki takardar cikin laka ya karanta a fili. Mai gari ya tambaye ni yaushe anka ba ni ita. Da bakin da ke zubar jini na ce jiya. Ya ce mi ya hana ni kawo ta. Na ce wasa nika so in yi wa taubashina. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ƙara dukana. Taubashina ya dubi addar hannunshi, ya dube ni, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

A bayan a-kori-kura munka kwaso su zuwa Tambuwal, kowane rami yaron ya yi nishi, ina riƙe da kanshi a cinyata. Allah ya sa ba a rasa rai ba. Wanda anka harba yana ɗingishi har yau. Kyamara ta farfashe a ƙarƙashin ƙafafun mutane. Shi ko ɗan maƙwabcina, likitoci sun ɗinke hannun amma yatsun sun shanye, ko cokali ba su riƙewa. Hukuma ta tsare ni kwanaki, uban yaron da kanshi ya je ya ce ya bar ni da Allah. Taubashina ya ajiye aikin tsaro, kuma in mun haɗu wurin zana'ida sai ya gaishe ni da ladabi awa baƙo. Yaron ya koyi rubutu da hagu, ya maimaita shekara. Duk safiya in zai wuce sai ya rusuna ya tambaye ni kwanan iyali. Da zagina yake yi da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya, a makare, shi ne tsoron mutane ba abin wasa ba ne. Garin da anka taɓa kashe masu mutum ba su da sauran wurin dariya a wannan fanni, kuma saƙon da anka damƙa maka amana ce ko da takarda ce guda. Tsofaffi 'yan uwana masu son a ce suna da ban dariya, ku dubi wanda zai biya kafin ku ƙulla. Ku kuma ɗalibai masu yawo da kyamara, kar ku aiki kowa, ko da shi ya yi maku huɗuba. Ku taka da ƙafarku gaban mai gari, ku nuna wa jama'a bindigar iccen su taɓa ta da hannunsu, kuma kar wanda ya rufe fuska sai kun ji mai shela da kunnenku.