Baba Elnathan, Mai Mayar da Jarumai Gida

Ƙarfe bakwai na safe Baba Elnathan ke buɗe shagonsa a unguwar Hausari. Ya share ƙofa, ya jera benci biyu a inuwa, sannan ya zauna da allura da zare da gwangwanin sitaci yana ɗinke tsofaffin littattafan zane, na jaruman nan masu tashi sama da mayafi a baya. Shekara talatin da takwas ke nan. Ƙarshen watan nan zai rufe, don ido ya gaza. Kwali takwas na littattafai kuma ya tara, in ba a samu mai ɗauka ba, inda suka fito za su koma.

Wurin masu ƙosai suka fito. Ɗinkin littattafan makaranta ne ya kawo shi daga Biu yana saurayi, sai ya ga ana yage littattafan zane ana ƙunshe wa mutane ƙosai. Abin ya ba shi haushi, ya riƙa kai wa matan tsofaffin jaridu yana karɓo su. Shi ya sa duk jarumin da muka sani muna yara, da ɗigon mai a ƙirjinsa muka san shi.

Ran Asabar da hantsi kuwa katun ake yi. Ya saka kaset a bidiyo, ya kashe murya, ya tsaya gefen talabijin yana yi wa kowa na cikin katun ɗin murya da Hausa. In ta ƙare masa ya jawo Kanuri, Kanurin da ya fi katun ɗin ba mu dariya. Har yanzu yana kunnawa duk Asabar. Maƙwabcinsa Ba'ana mai gyaran rediyo ya ce min yakan jiyo shi yana canza murya, in ya leƙa sai ya ga ba kowa a shagon sai shi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Mai ƙosai daga bayan littafi take fara yaga, don haka yawancinsu ba su da shafin ƙarshe. Mu ba mu taɓa sani ba. Da hannunsa yake zana shafin, ya shafa masa ruwan shayi ya yi kamar tsoho, ya ɗinke. Ƙawata Falmata, wadda yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ita ta gano da ta ci karo da ɗaya daga cikin littattafan a waya.

"Siddiƙa, wallahi an yi mana wayo," ta ce da ni. "Kin tuna jarumin nan mai koren takalmi? A na gaskiya shi kaɗai aka bari tsaye a kan bene. Namu kuwa gida ya koma, uwarsa ta rufe masa burabisko. Mu ma da wauta, ina Bature ina burabisko?"

Muka hau keke muka je mu tuhume shi. Sai da ya matso da fuska sosai kafin ya gane mu.

"Wushe, wushe! Yau 'yan bincike ne a shagona?" Ya gaishe mu da Kanuri yana dariya. "Na taɓa samun guda cikakke, na ga yadda suke ƙarewa. Mutum ya ceci gari guda, a bar shi a kan rufi ba mai ce masa sannu? Ban iya ba ku wannan ba."

Muka zauna muna buɗe bayan littattafan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne a ƙofar gida yake ƙarewa, da wani tsaye yana jira.

Baba Elnathan, kai ne mai mayar da jarumai gida. Kai ne ka yi wa baƙin da ke cikin takarda uwa da abinci a rufe, alhali tun rasuwar matarka Mama Rebeka ba ka ƙara tarar da kowa a ƙofarka ba. 'Ya'yanka sun bar garin lokacin tashin hankali, ka ƙi binsu, wai kada yara su zo Asabar su ga kwaɗo. Mu ne yaran. Mun girma, mun sayi waya, mun daina zuwa. Ni shekara goma sha ɗaya ina wuce layinka ban sauka ba, kuma ina jin kunyar hakan har cikin raina.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka idanu.

Ni da Falmata mun ɗauki kwali biyu, saura shida. Sharaɗin Baba ɗaya ne: kada a kulle su a kabad, a ba yara su karanta ko da za su yage. Wanda ya iya zane ya koyi gyaran abin da ya yage kamar yadda ya yi. Asabar biyu suka rage, duk wanda ya taɓa zama a shagon nan ya zo da 'ya'yansa. In an tashi kuma, kada kowa ya yi saurin tsayar da keke ya kama gabansa. A samu masu riga Baba zuwa gidansa, ya tarar da mu a ƙofa.